Nukiliya ko Rana: Wacce Za Ta Same Mu da Rai?

A ƙarshen watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke biyowa ta Makurɗi shi ma ya samu matsala, Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu. Ƙanƙara ta zama sai wane da wane, masu cajin waya suka yi kasuwa, masu walda suka jingine kayan aiki suna hamma. Mu kuwa majalisarmu ta bakin teburin mai shayi ta rikiɗe ta koma zauren muhawara kan lantarki. A ɗaya daga cikin dararen nan ne abokinmu da muke kira Injiniya, wanda ya yi karatunsa a Zariya, ya dangwarar da kofi ya ce: "Wallahi duk wannan solar da kuke ta liƙawa a rufi faci ce. Ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200 ba za ta tashi da faranti da batir ba. Nukiliya ce magani, ga kuma yuraniyom nan a maƙwabta."

Telan layinmu, wanda kekensa na wuta ya kwana biyar bai motsa ba, ya ɗago kai ya ce: "Ranka ya daɗe Injiniya, ita wannan nukiliyar taka za ta iso kafin ɗinkin Sallah?" Aka kwashe da dariya. Ni dai ban yi dariyar sosai ba, don a ganina babu tambayar da aka yi a daren da ta kai ta tela nauyi. Na daɗe ina juya maganar, kuma inda na tsaya shi ne nukiliya fasaha ce mai kyau wadda ba mu isa ɗaukarta ba tukuna. Duk kwabon da za mu iya tarawa cikin shekara 15 masu zuwa ya fi dacewa ya tafi ga rana, da ruwa, da wayoyin da ke kai wuta gidajen mutane.

Injiniya yana da gaskiyarsa, kuma ba ƙarama ba ce. Tashar nukiliya ba ta san dare ba, ba ruwanta da damina ko hunturu. A Amurka irin waɗannan tashoshi kan ba da sama da kashi 90 cikin 100 na iya ƙarfinsu a shekara. Sola kuwa, ko a ƙasa mai rana irin tamu, da wuya ta wuce kashi 20 zuwa 25, tunda dole rana ta faɗi. Kafin ka samu wutar da tashar nukiliya mai megawat 1,000 ke bayarwa a shekara, sai ka shimfiɗa farantan megawat 4,000 ko fiye, sannan ka nemi inda za ka adana ta dare. Tasha ɗaya tana iya shekara 60 tana aiki, kuma ba ta fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya. Faransa na samun kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliya, har ma sayar wa maƙwabta take yi.

Maganar haɗarin ma an yi mata ƙarin gishiri. Da an ce nukiliya sai hankali ya tafi kan bam ɗin Hiroshima, ko haɗarin tashar Chernobyl a 1986, ko na Fukushima ta Japan a 2011. Amma idan aka auna rayukan da kowace hanya ta ci da yawan wutar da ta samar, nukiliya a sahun sola da iska take, kwal kuwa ya yi musu fintinkau a kisa. Mu da ba ma rasa jin labarin iyali guda sun kwanta da janareto a bakin ƙofar ɗaki, gari ya waye babu mai numfashi, ba mu ne za mu yi wa kowa wa'azin haɗari ba. Jamus da ta rufe tashoshinta uku na ƙarshe a Afrilun 2023 alhali tana ci gaba da ƙona kwal, ni a wurina kuskure ta yi. Ƙasar da ta riga ta gina tasharta, ta biya kuɗinta, ta lallaɓa ta ta ci gaba da mora.

Inda muka raba gari da Injiniya shi ne kuɗi da lokaci, kuma da na gaba ake gane zurfin ruwa. Ita kanta Faransa ta fara gina inji na uku a tashar Flamanville a 2007, da niyyar gamawa a 2012 a kan yuro biliyan 3 da ɗoriya. Bai hau layin wuta ba sai Disamban 2024, kuɗin kuma ya ninka kusan sau huɗu. A jihar Jojiya ta Amurka, injina biyu na tashar Vogtle da aka ƙiyasta a dala biliyan 14 sun lashe sama da biliyan 30, suka kuma makara da shekara bakwai. Waɗannan fa ƙasashe ne masu ƙwararru jibge, masu samun bashi mai sauƙin ruwa, waɗanda ɗan kwangila ba ya karɓar kuɗin somin-taɓi ya ɓace.

Injiniya yakan kawo misalin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kuma misali ne mai kyau. Sun ba Koriya ta Kudu kwangilar tashar Baraka a 2009, aka fara gini a 2012, inji na huɗu ya kama aiki a 2024, yanzu tashar na ba su kusan rubu'in wutarsu. Aiki ya yi kyau, babu gardama. To amma shekara 15 ke nan daga sa hannu zuwa kammalawa, a ƙasar da kuɗi ba abin damuwa ba ne, kuma babu zaɓen da zai kawo sabon shugaba ya ce aikin na wanda ya gada ne ya watsar. Masar na gina tata a Daba'a, megawat 4,800, a kan kusan dala biliyan 30, biliyan 25 daga ciki bashi ne daga Rasha. Kasafin gwamnatin tarayyar Nijeriya na 2025 kacokan, da albashi da tsaro da biyan bashi, naira tiriliyan 55 ne ba kaɗan, wato wajen dala biliyan 36. Tasha guda ta kusa haɗiye kasafin shekara.

Mu kuma mun san halinmu da manyan ayyuka. Tun 1976 aka kafa hukumar makamashin nukiliya ta Nijeriya. A 2017 aka sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha, an kuma ambaci Geregu a jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a yi tashoshin. Har yau ba a fara gini ba. Geregun nan kuwa a ƙaramar hukumar Ajakuta take, inda kamfanin ƙarfen da Tarayyar Sobiyat ta fara gina mana tun ƙarshen shekarun 1970 yake nan tsaye yana jiran a gama shi. Ita ƙasar da ta fara aikin ta rushe tun 1991, ta bar mu da shi. Madatsar Mambila mai megawat 3,050, wadda ruwa ne kawai za a tare a kan tsauni, ta haura shekara 40 a bakin 'yan siyasa.

A ce ma wani ya ba mu tashar kyauta, akwai abin da ya fi kuɗin ɗaure kai, kuma shi ne ba a cika faɗa ba. Tashoshin da Nijeriya ke da su a takarda sun kai wajen megawat 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a yana yawo ne tsakanin 4,000 da 5,000. Wani lokaci babu gas, wani lokaci kamfanonin ba a biya su ba, sau da yawa kuma layin ne ba zai iya ɗauka ba. Masana harkar suna da ƙa'idar cewa inji ɗaya bai kamata ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin babban layin ƙasa ba, don in ya tsaya ba zato sauran su iya toshe gurbinsa. Injin da Rasha ke ginawa a Masar kowane ɗaya megawat 1,200 ne. A kan layinmu, wannan rubu'in wutar ƙasar ke nan a wuri guda. Ranar da ya yi tari, daga Legas har Maiduguri sai duhu. Kayan raƙumi ne za a ɗora wa jaki.

Abin bai tsaya nan ba. Injin nukiliya ko an kashe shi, cikinsa na ci gaba da zafi na tsawon lokaci, dole famfunan ruwa su yi ta sanyaya shi, su kuma famfunan wuta suke so daga waje. Abin da ya faru a Fukushima ke nan: girgizar ƙasa ta katse layin waje, igiyar ruwa ta cinye janaretocin ko-ta-kwana, sanyaya ta tsaya. Tashar nukiliya tana buƙatar layi mai ƙarfi kamar yadda layin ke buƙatarta. Mu da babban layinmu ke faɗuwa sau da dama a shekara, 'yan bindiga kuma na tumɓuke turakun wuta a daji, sai mu fara gyara wannan tukuna. Duhun Oktoban da ya haifar da muhawarar tamu ai ba rashin tasha ya jawo shi ba. Wutar na nan a Kudu, hanyar da za ta biyo ce aka yanke. Da akwai tashar nukiliya a Kogi a daren, da telanmu bai ga ko ƙyallinta ba.

Sai maganar "ga yuraniyom nan a maƙwabta", wadda ta fi kowacce daɗin ji. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom, ma'adinin da tashar nukiliya ke aiki da shi, a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, mahaƙar Akokan kuma ta yi aiki daga 1978 har aka rufe ta a Maris ɗin 2021. Shekara 50 ana loda garin yuraniyom mai ruwan ɗorawa a motoci zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano, daga can sai Faransa. Amma har yau kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da lantarki a Nijar, kuma da Nijeriya ta katse mata wuta a Agustan 2023 bayan juyin mulki, aka ga cewa wajen kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga Nijeriya take zuwa. Abin da aka bar wa mutanen Arlit da Akokan shi ne tsaunukan dusar ma'adini mai guba, miliyoyin tan, a bakin gari. Fushin 'yan Nijar a kan wannan halas ne, kuma shi ya kai ga ƙwace lasisin mahaƙar Imuraren daga kamfanin Orano na Faransa a 2024.

Sai dai mallakar ma'adinin ba shi ne mallakar wutar ba. A cikin yuraniyom ɗin da ake tonowa, ɓangaren da ke ci da wuta bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Sai an tace shi ya kai kashi 3 zuwa 5 kafin irin waɗannan injina su yi amfani da shi, kuma masana'antun da ke wannan tacewar don kasuwa suna hannun ƙasashe 'yan kaɗan ne, Rasha ce kan gaba, sai wasu na Turai da Sin. Kuɗin ma'adinin kansa ɗan ƙaramin kaso ne a farashin wutar nukiliya, ginin ne ke cin dukiya. Mai gonar auduga ne ke ganin ya kusa mallakar masaƙa. In ka karɓi bashin gini daga ƙasa ɗaya, makamashi daga wurinta, ƙwararru daga wurinta, ka ɗaura aure ne na shekara 60 wanda babu saki a cikinsa.

To ita ranar fa? Gwano ba ya jin warin jikinsa, don haka bari in faɗi aibin abin da nake goyon baya da bakina. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, janareto ya gagare ni, na tattara abin da nake da shi na sa faranti huɗu da inbata da batir biyu. Wanda ya sayar mini da batiran ya rantse sababbi ne. Wata takwas suka yi. A tsakiyar zafin Afrilu, wajen ƙarfe biyu na dare, sai inbata ta fara ƙara, fanka ta yi juyi biyu ta tsaya, yara suka tashi suna kuka, uwargida ta ɗauko mafici ba ta ce mini komai ba, wanda ya fi magana ciwo. Da hunturu kuma wata wahalar ce. Hazo ya rufe rana, ƙura ta kwanta a kan farantan kamar an barbaɗa gari, duk bayan kwana uku sai na jingina tsani na hau da bokiti da tsumma. In na yi ƙyuya mako guda, kafin la'asar batir bai cika ba. Matattun batiran nan masu dalma kuma, yara masu jari-bola ne ke fasa su da hannu. Ita ma sola tana da nata sharar, kuma ba mu tanadi inda za mu kai ta ba.

Duk da haka ba zan koma ba, kuma dalilina na gan shi ne a fadama, ba a gidana ba. Wani ɗan'uwanmu mai noman rani ya kusa barin albasa da tumatir saboda kuɗin man injin ban-ruwa. Ya sayar da tumaki biyu ya haɗa da abin da ke hannunsa ya sayi faranti da famfo. Babu batir ko ɗaya. Rana ta ɗaga, ruwa ya fara zuba a gona, rana ta yi sanyi, ya naɗe kayansa ya ɗora a amalanke ya tafi gida. Lokacin da shuka ke son ruwa shi ne lokacin da rana ke bayarwa. Haka burtsatsen unguwa, haka injin markaɗe, haka firjin rigakafi a asibitin ƙauye, haka keken tela. Kaso mai yawa na aikin da ke ciyar da mu da rana ake yin sa. Wannan mutumin bai jira majalisa ta amince da bashi ba, kuma babu wanda zai tumɓuke turke a dajin Neja ya kashe masa albasa.

Farashin farantan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, na batirin litiyom ma yana ta sauka. A 2024 kaɗai Pakistan ta shigo da farantan da ƙarfinsu ya kai wajen megawat 17,000, mafi yawa kuma manoma ne da masu masana'antu da magidanta suka saya da aljihunsu don wutar gwamnati ta yi tsada. Ita Masar ɗin da ke gina nukiliya ta riga ta kammala filin sola na Benban kusa da Aswan tun 2019, wajen megawat 1,500, cikin 'yan shekaru kaɗan. A gida ma akwai megawat 7 da ɗoriya a Jami'ar Bayero tun 2019, da megawat 10 a Kumbotso, da megawat 30 a Gorou Banda kusa da Yamai. Ƙanana ne, na sani. Amma kowanne ya fara ba da wuta ba tare da jiran ɗan'uwansa ba, a inda tashar nukiliya ko an gama kashi 95 cikin 100 nata ba ta kunna ƙwai ɗaya.

Kada a ɗauka duk abin da aka kira makamashi mai sabuntuwa ya tsira daga halinmu. Injinan iska 37 na Lambar Rimi a Katsina, megawat 10 kacal, sun shafe fiye da shekara goma ana jan ƙafa a kansu. Bambancin shi ne in irin wannan ya lalace an yi asarar abin da za a iya jurewa, in tashar dala biliyan 30 ta tsaya a rabi kuwa jikoki ne za su biya.

Babbar tambayar da ta rage ita ce dare, da manyan masana'antu irin na Sharaɗa da Bompai da Kakuri waɗanda faranti huɗu ba za su tayar ba. Nan ne ruwa ke shigowa. Kainji tana aiki tun 1968, ga Jebba, ga Shiroro, ga Zungeru mai megawat 700 da ta shigo daga baya. Madatsar ruwa batir ce da Allah ya hore: da rana a rage sakin ruwa sola ta ɗauki kaya, da magariba a buɗe. Habasha ta nuna abin da kogi ɗaya zai iya, da madatsarta mai sama da megawat 5,000 a kan Nilu. Kenya kuma mafi yawan wutarta daga zafin ƙarƙashin ƙasa da ruwa da iska take samu. Sauran giɓin sai gas, wanda ba mai sabuntuwa ba ne, kuma ba zan yi masa kwalliya ba. Amma ƙasar da har yau take ƙona gas ɗinta a banza a sararin Neja Delta, in ta juya shi ya zama wutar dare kafin batira su ƙara araha, ba ta yi laifi ba. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa kasuwar wutarsu. Ina so in ga gwamnan da zai bar gadar sama guda ɗaya ya yi filin sola da layin da zai kai ta unguwar masana'antu.

Ban ce a rufe littafin nukiliya ba. A Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello akwai ɗan ƙaramin injin nukiliya mai kilowat 30 da ke aiki tun 2004. Ba ya ba da lantarki, gwajin ma'adinai da ƙasar noma da koyar da ɗalibai ake yi da shi, kuma sama da shekara 20 ke nan 'yan ƙasa na riƙe da shi lami lafiya. A ƙara masa kuɗi, a tura yara karatu, a ƙarfafa hukumar da ke sa ido. Ƙananan injinan da ake ta tallatawa yanzu, waɗanda aka ce za a ƙera a masana'anta a kawo a mota, su ne za su fi dacewa da layi irin namu in sun tabbata. Amma aikin kamfanin NuScale da aka fi sa wa rai a Amurka an soke shi a ƙarshen 2023 saboda tsada. Masu kuɗi su fara gwadawa, mu saya in ya nuna.

Da na zayyana wa Injiniya duk wannan a wani zaman, ya yi shiru, sannan ya ce: "Malam, waɗanda suka gina Kainji ba don kansu suka gina ba. In kowa ya ce sai abin da zai same shi da rai, ba za a dasa ko giginya ba." Maganar ta shige ni, don gaskiya ce. Na ce masa to mu yi sharaɗi. Ranar da babban layin ƙasa ya ɗauki megawat 15,000 ya shekara uku bai faɗi ba, Mambila kuma ta fara juyawa, ni da kaina zan rubuta cewa lokacin nukiliya ya yi. Ya ce a rubuta. Mai shayi ya yago gefen kwalin sukari, aka rubuta adadin da kwanan wata, tela ya sa hannu a matsayin shaida, aka soke takardar a ƙusar da ake rataye matatar shayi.